Yadda zaka haɗa VFX ɗinka na farko da waya da laftof, bisa tsarin Gareth Edwards

A shekarar 2010 wani ɗan Ingila mai suna Gareth Edwards ya fitar da fim ɗinsa na farko, Monsters, kuma shot wajen 250 na VFX, wato ifet ɗin da ake ƙarawa a hoto da kwamfuta bayan ɗauka, da suke ciki shi kaɗai ya haɗa su a ɗakin kwanansa da manhajojin da kowa zai iya siya, su After Effects da Photoshop da 3ds Max. Kuɗin fim ɗin gaba ɗaya bai kai dala dubu 500 ba. 'Yan wasa biyu ne jarumai, ma'aikatan kuma mota ɗaya ta ɗauke su suka yi ta yawo a Meziko da Gwatemala da Belize, sauran mutanen da ake gani a fim ɗin yawanci waɗanda suka tarar ne a hanya. Bayan shekara huɗu Godzilla da aka damƙa masa ya fito, a 2016 yayi Rogue One. Mutane suna son bada labarin nan kamar dare ɗaya Allah yayi masa, alhali kafin nan ya shafe shekaru yana yiwa BBC da wasu gidajen talabijin aikin ifet na shirye-shiryen tarihi, yana zaune gaban kwamfuta babu wanda ya san sunansa, a can ya koyi wane abu ne ido yake yarda da shi wane ne yake ƙi.

Abinda nake so ka ɗauka daga wajensa ɗaya ne kuma shi zamu bi har ƙarshe: ka ɗauki wuri na gaske da haske na gaske, ka gama editin, sannan ka ƙara ƙarya kaɗan a inda ake buƙata. Yawancin yaranmu baibai suke yi, su fara zana dodo wata uku, daga baya a fara neman inda za'a saka shi.

Kayan aiki tukuna

Laftof mai RAM 16GB da katin girafik nasa daban, in son samu ne na Nvidia, ya isa ka fara. Mai 8GB ma zai yi amma zaka sha jira. Abinda mutane basa kula da shi shine SSD, in har yanzu injinka na kan tsohon hadis mai juyawa to canza shi zai fi maka amfani akan ƙara komai. Ka siyi linzami na daban, da tafin laftof ba'a yin aikin nan. Sannan zafi da ƙura, musamman watan Maris da Afrilu da lokacin hunturu, ka ɗaga injin daga kan katifa ko darduma, a riƙa buɗe shi ana hure fankar, don in yayi zafi shi da kansa yake rage gudu kai kuma kana ta zagin manhaja.

Manhaja biyu nake cewa a fara da su kuma duk kyauta ne. DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic, a ciki akwai wajen editin, akwai Fusion inda ake haɗa hotuna, akwai wajen gyaran kala da sauti. Sai Blender na aikin 3D, wanda tun 2002 aka sake shi kyauta ga kowa, kuma kada wani yace maka na yara ne, da shi aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya da ya ci Oscar a 2025. After Effects yana da kyau, darussansa sun fi yawa a YouTube, amma kuɗin wata-wata ne da dala. Na sata kuwa da ake turawa a filash, ban baka shawara ba, ranar da zai rufe maka aiki ranar ce kwastoma yake jira. Manyan kamfanoni Nuke suke amfani da shi, kuma tsarinsa na ƙulla akwatuna da layi iri ɗaya ne da Fusion, kaga wanda ya saba da Fusion bai yi asara ba.

In kana ganin kayanka sun yi kaɗan ka nemi labarin matasan Kaduna da ake kira The Critics. Da waya mai fasasshen gilashi da koren yadi da Blender suka riƙa yin gajerun finafinan kimiyya, a 2019 duniya ta gansu, har daraktan Hollywood J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki daga baya.

Ka rubuta labari akan abinda kake da shi

Kafin ka taɓa kyamara ka zauna da takarda. Labarin kada ya wuce minti biyu zuwa uku, shot na VFX kada su wuce biyar. Ka rubuta kowanne: me za'a gani, daƙiƙa nawa, kyamara a tsaye take ko tana motsi, mutum zai gitta ta gaban abin da zaka ƙara ko a'a. Tambayoyi biyun ƙarshen nan su ne suke yanke maka yawan wahala. Kyamara a kafe kuma babu mai gittawa, aikin yamma ɗaya ne. Kyamara a hannu kuma ga mutum yana wucewa da babbar riga tana kaɗawa, wannan sai ka ware sati.

Lissafin da ya kamata ya zauna maka a kai: daƙiƙa ɗaya firem 25 ce, wato hotuna 25 a jere. Shot na daƙiƙa 10 firem 250 kenan. In kowane firem yana cin minti 3 wajen renda, wato lokacin da kwamfuta take fitar da gamammen hoton, minti 750 ne, awa 12 da rabi injin yana ta huci, kuma wannan in komai ya tafi daidai a karon farko, abinda baya faruwa. Shi yasa in ka lura da Monsters dodannin fim ɗin ba'a cika nuna su ba, sai da dare, ko daga nesa, ko a cikin talabijin ɗin wani shago. Abinda ya cika fim ɗin alluna ne na gefen hanya da aka sauya musu rubutu a kwamfuta, da tankar yaƙi ko ɓaraguzan jirgi da aka dasa can baya. Ƙananan abubuwa masu arha da suke sa ka yarda akwai bala'i a ƙasar tun baka ga komai ba. Shi kansa ya faɗa cewa yana gama shot biyu a rana har sai da ya iso kan halittar farko, nan wata biyu suka wuce bai gama ko ɗaya ba. To in mai shekaru a harkar ya maƙale haka, kai da kake farawa ka bar dodo tukuna.

Ranar ɗauka, nan ake ci ko a faɗi

Wallahi mafi yawan VFX da ya lalace a lokeshin ya lalace, ba a kwamfuta ba. Don haka zan daɗe anan.

Waya tana da wayo da yawa, tana canza haske da kala da fokas ita kaɗai duk sanda wani ya motsa, kuma wannan shine babban abokin gabarka. Ka sauke Blackmagic Camera, kyauta ce a iPhone da wasu wayoyin Android, ko duk wata manhajar da zata baka damar kulle komai da hannu. Ka kulle ISO, wato ƙarfin ɗaukar haske, ka kulle fokas, ka kulle farin kala. Ka saka firem 25 da shata 1/50, wato tsawon lokacin da kowane firem yake shan haske, dalili kuwa wutarmu hamsin take bugawa a daƙiƙa, in ka saka 30 ko 60 a ƙarƙashin wasu fitilu zaka ga hoton yana ƙyafta. Da rana tsaka 1/50 zai yi haske da yawa, sai ka nemi ɗan gilashin ND mai rage haske na maƙalawa a waya, in babu ka ƙara shatar kawai ka san cewa motsi zai ɗan yi kaifi. Ka kashe abin nan mai hana girgiza, yana lanƙwasa gefen hoto a ɓoye sai ka zo tirakin, wato sa manhaja ta bi motsin hoton, ka rasa me yasa ya ƙi zama. Kuma kada a turo maka bidiyon ta WhatsApp, yana matse shi ya kashe ingancin, da kebul za'a kwafa.

Turayfod dole ne. In babu, a ɗaure wayar a jikin kujera ko tsani, babu mai taɓa ta har a gama.

Sai abinda kusan kowa yake mantawa, ɗaukar fili babu kowa. Bayan an gama sin, kafin a motsa kyamara ko kaɗan, kace kowa ya fita daga hoto ka ɗauki wajen haka nan na daƙiƙa 10. Da wannan ɗan guntun zaka goge igiya, ka goge mai riƙe makirfo, ka ɓatar da mutum, ka toshe duk ɓarnar da baka lura da ita ba. Ka ɗauke shi nan take, don in ka bari aka je cin abinci aka dawo inuwa ta riga ta matsa.

Lokaci ma abin dubawa ne. Ranar tsaka tana saukar da inuwa baƙiƙƙirin ƙarƙashin ido da hula, bata da kyau amma tana daɗewa bata canza ba. Bayan la'asar hasken yafi daɗi nesa ba kusa ba, sai dai gudu yake, tsakanin ɗauka ta farko da ta biyar kalar bango ta sauya. In shot ɗin na haɗa guda biyu ne ka gama su a jere cikin 'yan mintuna.

In zaka saka abu na 3D, ka ɗauki bayanai kamar ɗan sanda a wajen bincike. Tsayin kyamara daga ƙasa, nisanta da inda abin zai tsaya, wane lens ɗin wayar kayi amfani da shi, ƙarfe nawa. Ka samu ƙwallon roba ka fesa mata fenti ruwan toka marar sheƙi, ka samu wani abu mai sheƙi kamar madubi, bayan sabon ludayin silba ma yana yi, ka riƙe su a daidai inda abin zai tsaya ka ɗauka na daƙiƙa biyar. Mai ruwan tokar zata nuna maka daga ina hasken yake zuwa da ƙarfin inuwa, mai sheƙin zai nuna maka abinda ke kewaye. A manyan finafinai ma haka suke yi da ƙwallayensu biyu bayan kowane sin. In kyamara zata motsa kuma bangon sumul ne babu tabo, ka manna ƙananan selotef masu kala a wurare daban-daban, wasu kusa wasu nesa. Katangar ƙasa ko ta bulo da ba'a yi mata filasta ba bata buƙatar wannan, ita kanta cike take da alamomi.

Maganar koren yadi

Ana zaɓar kore ne saboda yayi nisa da kalar fatar mutum, kuma idon kyamara yafi ɗaukar bayanin kore akan ja da shuɗi. Yadin kasuwa yana yi in dai marar sheƙi ne, a goge shi tas a ja shi ya miƙe, duk wata tattara inuwa ce kuma inuwa wani koren ne daban. Haske ya bazu a kansa daidai ko'ina, mafi sauƙi ka rataya shi a inuwar gini a waje inda rana bata dukansa kai tsaye. Ɗan wasa ya matso gaba kamar mita biyu, kada ya jingina.

Ga abubuwan da darussan turawa ba zasu gaya maka ba. Shadda mai maiƙo, musamman fara wadda ta sha bugu, tana kwaso koren yadin ta mayar da shi jikinta, in ka zo cirewa sai kaga kafaɗar mutum ta ɓule. Mayafi shara-shara shima wahala ne don ana hango koren ta cikinsa. Sannan a baƙar fata koren da ya fallatsa a gefen kumatu da goshi yana fitowa sosai, in ka matsa wajen cire shi fuskar ta koma toka-toka kamar marar lafiya. Maganin duk ɗaya ne, nisa da yadi, da ɗan haske daga baya yana dukan kafaɗa da gefen kai, kuma ka zauna da mai kula da sutura tun kafin ranar. Ni a ra'ayina ma in zaka iya kauce wa koren yadi a aikinka na farko ka kauce. Edwards kusan duk a wuraren gaske ya ɗauki nasa, ko a fim ɗinsa The Creator na 2023 da aka kashe wajen dala miliyan 80, yawo suka yi a wurare da dama a Tailan da ƙaramar kyamarar Sony FX3, daga baya aka zana gine-ginen zamani akan abinda aka ɗauko.

Editin kafin ifet

Ka kwafe komai wuri biyu kafin ka goge daga waya. Bidiyon waya sau da yawa gudun firem ɗinsa baya tsayawa wuri ɗaya, in kaga sauti yana zamewa ko tirakin yana tsalle ka wuce da shi ta HandBrake ka mayar da shi 25 tsayayye.

Yanzu ka yanka fim ɗin gaba ɗaya babu ifet ko ɗaya. Inda abu zai fito ka rubuta a jikin hoton, "jirgi anan", ka cigaba. Ka nuna wa mutum biyu da basu san labarin ba, in sun gane kuma basu ɗauki waya sun fara latsawa ba to ka kulle. Wannan shine tsarin da aka bi a The Creator, sai da aka gama yanka sannan masu zane suka hau kai, don kada a biya kuɗin abinda za'a zubar. Kai ba kuɗi zaka ceta ba, darare ne na rayuwarka. Ka bawa kowane shot suna da lamba, kamar sin02_shot03_v01, duk gyara ka ƙara lambar ƙarshe, kada ka taɓa danne tsohon.

Shot na farko: ɓacewa da tagwaye

Layar zana ta finafinanmu, mutum yana tsaye sai bat. Dabarar ta girmi kowa, Georges Méliès na Faransa yana yinta tun 1896 ta hanyar tsayar da kyamara. Kai ga yadda zaka yi ta fito da kyau. Ka ɗora bidiyon filin da babu kowa a ƙasa, na mutumin a sama, ka yanke na saman a daidai firem ɗin da kake so ya ɓace. Shikenan ya ɓace, amma zai yi kama da wasan yara in ka tsaya nan. Abinda yake sayar da shi shine abinda ya biyo baya: 'yar ƙura ta tashi a inda ƙafarsa take, wanda yake kusa ya zabura a daidai lokacin, kyamara ta ɗan girgiza kaɗan wanda zaka ƙara a kwamfuta bayan ka haɗa, sai sauti. Ƙurar ma ta gaske tafi, ka watsa toka ko garin ƙasa a gaban baƙin yadi rana na dukanta ta baya, ka ɗora akan hoton da yanayin Screen, baƙin zai tafi ƙurar ta zauna.

Tagwaye kuma, ɗan wasa yayi maganarsa a hagu, ya canza riga ya koma dama, kyamara bata motsa ba. A Fusion ka kawo biyun ka haɗa su da Merge, ka zana Polygon ya rufe rabi, ka tausasa bakin layin. Ka ɓoye layin a jikin wani abu miƙaƙƙe kamar bakin ƙofa ko turken rumfa. Ka kula da inuwa, in inuwar na hagu ta tsallaka dama layin zai yanke ta kuma ido zai kama nan take ko mai kallo bai san me ya gani ba.

Shot na biyu: canza allo

Wannan shine aikin da zai fara kawo maka kuɗi, don masu talla da masu waƙa kullum suna son a canza rubutun shago ko a goge wani abu a bango ko a saka hoto a fuskar waya. A Fusion akwai Planar Tracker, ka zana akwati akan allon, ka danna ya bi shi gaba da baya, ka fitar da Planar Transform ka ɗora sabon zanenka. Zai zauna daram, amma zai yi sabo fil kamar yanzu aka buga shi, kuma nan ne aikin yake. Ka zuƙo hoton ka kalli allon gaske da yake kusa: farinsa ba fari bane, ya sha rana ya koma ruwan madara, baƙinsa ba baƙi bane, akwai tsatsa a wajen ƙusa, akwai ƙura a ƙasa. Ka rage kaifin naka har yayi daidai da laushin bidiyon, ka ɗaga baƙinsa, ka saka datti. Aikin kamar na mai faci ne a tsohuwar riga, ɗinkin ba shine wuya ba, samo ƙyallen da ya koɗe daidai da rigar shine.

Shot na uku: abu na 3D a cikin unguwarku

Ka zaɓi abu mai tauri marar gaɓoɓi, akwatin ƙarfe, tankin ruwa, wani inji yana shawagi saman layi. A Blender ka buɗe wajen Motion Tracking ka kawo bidiyon. Ka dasa alamomi akan tabo masu kaifi da basa motsi, aƙalla takwas ake buƙata a kowane lokaci amma ka saka fiye da haka, wasu a ƙasa kusa da kai wasu can nesa. Kada ka dasa akan mutum, ganyen bishiya, ko sheƙin gilashin mota. Ka danna Solve ka duba lambar kuskure, in ta haura 1 akwai alamar da ta zame, ka nemo ta ka goge, ƙasa da 0.5 shine abin nema. In zaka ɗauki irin wannan shot ɗin ka taka a hankali gefe ko gaba, tsayawa wuri ɗaya kana juya waya baya bawa manhajar zurfin da take buƙata.

Daga nan ka saita ƙasa da alamomi uku, ka saita girma da awon da ka rubuta a lokeshin. Ka saka fitilar Sun ka juya ta har inuwar abinka ta kwanta gefe ɗaya da inuwar turken wuta ko ta mutumin da ke cikin bidiyon, tsayi ɗaya, kaifi ɗaya. Ka kawo hoton ƙwallonka mai ruwan toka ka ajiye a gefe, ka ƙirƙiri irinta a Blender ka yi ta gyara haske har su zama kamar tagwaye. Hasken sararin sama kuma akwai HDRI, wato hoton kewaye da ake haska 3D da shi, kyauta a shafin Poly Haven, ka zaɓi mai kama da ranar da kayi ɗauka. Ka shimfiɗa faranti a ƙasa ka mayar da shi Shadow Catcher a Cycles, injin renda na Blender, ka kunna Transparent, sai ya baka abin da inuwarsa kawai.

Wajen renda, don Allah kada ka fitar da shi a matsayin bidiyo. Ka fitar da hotuna ɗaya-ɗaya, PNG ko EXR, cikin folda. In NEPA ta ɗauke a firem na 180 batir ya mutu, in an dawo daga 181 zaka ɗora, wanda ya saka MP4 kuwa daga farko zai koma. Ka fara gwadawa da rabin girma da Samples kaɗan ka kunna Denoise, sai ka tabbatar da motsin sannan ka saki na gaske da dare. Ka kunna Motion Blur tun a nan.

In ka dawo da shi Fusion abu huɗu zaka duba a jere. Baƙi: wuri mafi duhu a jikin abinka kada ya fi wuri mafi duhu da ke kusa da shi a bidiyon duhu. Hazo: duk abinda yayi nisa yana dusashewa ya ɗauki kalar sama, a hunturu kuwa gini mai nisan layi biyu ma ya fara fari, to abinka in yana can nesa dole ya sha hazon shima. Kaifi: 3D yana fitowa tsaf fiye da abinda waya take iya ɗauka, ka ɗan dusashe shi. Sai tsakin hoto, wannan ɗan yashi-yashin da yake motsi a bidiyo musamman a inuwa, ka ƙara irinsa akan abinka. In mutum ya gitta ta gabansa sai roto, wato ka zagaye shi da layi kana gyarawa firem bayan firem, ka raba jikin gida-gida, kai daban hannu daban, yafi sauƙi akan layi ɗaya mai zagaye duka. Aiki ne mai cin rai, amma da yawan waɗanda suke manyan kamfanoni ta nan suka shiga.

Gyaran kala na ƙarshe a kan duka hoton ake yi bayan an haɗa, shi yake ɗaure su. Sauti kuma kada ka raina shi, inji mai shawagi babu ƙugi babu iska ba zai taɓa yin nauyi a ido ba. Ka fita da waya ka naɗo ƙarar janareto ko injin markaɗe, ka rage gudunta, zaka sha mamakin abinda zai fito. In ka gama ka tura wa kanka a waya ka kalla a ƙaramin allo, ka kwana, da safe ka sake kallo kafin kowa ya gani.

Rayuwar mai wannan sana'a

Gaskiya zama ne mai yawa, kai kaɗai, da ciwon baya da na ido. Ka mayar da lokutan sallah su zama lokacin miƙewa da nisantar allo, ka samu kujera mai kyau tun kafin ka sayi sabuwar kyamara. Kuma aiki ne da in kayi shi da kyau sosai babu wanda zai san kayi, sai in ya ɓaci ake neman sunanka.

Ko a can waje harkar bata da tabbas. A 2013 kamfanin Rhythm & Hues ya shelanta karyewa kwanaki kaɗan kafin aikinsa a Life of Pi ya ci Oscar, ma'aikata suna zanga-zanga a waje ana bikin a ciki. A 2023 ma'aikatan VFX na Marvel suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago saboda yawan awanni. Babban abinda yake karya su shine a yi ciniki akan kuɗi ɗaya sannan darakta yayi ta canza ra'ayi, kuma wannan ciwon zai same ka kai ma a ɗan ƙaramin matakinka. Don haka ciniki akan kowane shot ake yi ba akan fim ba, ka ga bidiyon da idonka kafin ka faɗi kuɗi, ka karɓi kafin alƙalami, ku rubuta ko a saƙon waya ne cewa gyara sau biyu ne na uku da kuɗinsa. Samfurin da zaka tura ka saka masa tambarinka a tsakiya har a cika maka. In furodusa yace ai a kwamfuta za'a gyara, ka roƙe shi ya kira ka lokeshin ranar ɗauka ko kyauta ne, zuwan nan na yini ɗaya zai rage maka aikin sati. In kuma sin ɗin akwai bindigar roba ko kakin jami'an tsaro, a sanar da mai unguwa da 'yan sanda kafin a fito titi, wannan ba wajen ganganci bane.

Manhajojin AI yanzu suna cire mutum daga bango cikin mintuna kuma suna taimakawa sosai, kayi amfani da su. Amma in suka fitar da inuwa ta kwanta gabas alhali ta gaske tana yamma, wanda ya koyi kallon haske ne kawai zai gani.

Ƙaramar tawaga tana iya abin mamaki in shugaban ya san aikin da hannunsa. Godzilla Minus One na Japan mutum 35 ne suka yi shot 610, daraktan Takashi Yamazaki shi ne kuma mai kula da VFX ɗin, suka ci Oscar a 2024. Darakta da ya taɓa kwana yana roto baya cewa a ɗauka kawai a gani, ya san farashin kowane motsin kyamara. Shi yasa nake ganin ko burinka darakta ne ka bi ta wannan hanyar, Edwards ma gasar haɗa fim cikin awa 48 ya shiga a Landan a 2008 ya ci, daga nan aka yarda aka bashi kuɗin Monsters.

In shot ɗinka uku sun kammala ka haɗa su a bidiyo ɗaya da bai wuce minti ɗaya ba, mafi kyau a farko. Kowanne ka nuna yadda aka ɗauko shi, sannan a share a hankali zuwa yadda ya koma, don mai bada aiki yafi son ganin wannan akan gamammen. Ka rubuta a ƙasa abinda kai kayi da hannunka, in samfurin 3D ɗin saukewa kayi ka faɗa. Ka ɗora a YouTube da Instagram, ka tura wa editoci da masu ɗaukar waƙa na garinku kai tsaye, sannan ka ɗauki shot na huɗu wanda kyamara take motsi kuma mutum yake gittawa.